Ba Mu Tada Baba Ɗandije Ba

Litinin, 5 ga Mayu, bayan la'asar

Baba Ɗandije ya dawo. Sojoji ne suka sauke shi a tashar Filinge da hantsi, ya tako da ƙafarsa har gida, farin ƙyallen wasanmu a ninke a hammatarsa. Ko ƙwarzane babu a jikinsa. Ina cikin aji ina fama da ƴan lakkwal, ɗalibaina, sai Habsa ta ƙungiyar wasanmu ta leƙo ta taga ta gaya mini, ban san sanda na fito titi da alli a hannu ba.

Na same shi zaune a gindin dogonyaron tsakar gidansa, maƙwabta sun cika wurin ana ta barka. Na durƙusa na ce, "Baba, sannu da hanya." Bai dube ni ba. Mutumin da in ka gaishe shi sai ya tsokane ka, ya haɗa da kakanninka, kafin ya amsa, wanda shekara goma sha biyu yana kirana Madam Alli, yau ya zuba wa katanga ido kamar ana rubutu a jikinta.

Matarsa, Inna Tambara, ta ce, "Ku bar shi, gajiya ta. Mutum ya kwana biyu cikin tashin hankali, mi kuke so shi ce muku?"

Kowa ya ce gaskiya ne. Ni ma na ce gaskiya ne. Wannan kayen, littafin rubutun nan, don shirya darasi na saye shi, ga abin da ya koma.

Talata, 6 ga Mayu, kafin in tafi lakkwal

Bari in rubuta abin da ya faru ranar Asabar tun ban fara gyara shi a kaina ba.

Gasar teyatur, wato wasan kwaikwayo, ta ƙasar Kurfai kowace shekara gari ɗaya take sauka, bana ta faɗa Gawo Bakwai, can arewa. An yi gardama a kan zuwa, aka ce hanya lafiya lau take. Ƙungiya shida muka hau dandali, mu ne na ƙarshe. Wasanmu Rijiyar Na'Allah. Baba shi ne Na'Allah, maginin rijiya, wanda ƙasa ta rufta masa ranar da ya cimma ruwa. Ana ciro shi, Habsa a matsayin ɗiyarsa ta ce, "Baba, ruwa ya zo?" Shi kuma ya ce, "Ya zo, ɗiyata. Ku sha, ni na ƙoshi." Sai ya cika, a rufe shi da farin ƙyalle, wasa ya ƙare.

A ƙungiyarmu wanda ya mutu cikin wasa ba ya tashi da kansa. Baba ne ya kafa dokar tun zamanin samariya, ƙungiyoyin matasa na da, bayan wani abokinsa ya mutu a dandali, ya miƙe yana dariya yana kaɗe riga, mako bai zagayo ba aka kai shi makwanci na gaske. Tun daga nan gawa kwance take har sai mai tadawa ya zo, ya yaye ƙyallen daga wajen ƙafa, ya kira sunanta na gaskiya sau uku, ya ce wasa ya ƙare, ya ba ta ruwa a ƙoƙo. Kuma inda ta faɗi, nan ake tada ta. Shekara tara ni ce mai tadawa. Ina malamar lakkwal, na sha yi wa dokar nan dariya a ɓoye, amma ban taɓa tsallake ta ba.

Ranar Asabar an rufe shi, mutane sun fara tafi, ina tsaye gefen dandali da ƙoƙon a hannuna, sai muka ji ƙarar moto, babura da yawa, daga wajen kasuwa. Bayanta sai ɗaya ƙarar. Ita ba zan rubuta ta ba. Fili ya watse, alƙalan gasa suka bar takardunsu a kan tebur, muka afka motar Dodo, direbanmu, wani a kan wani. Dodo ya waiwayo ya ce, "Kun cika?" Aka amsa masa. Ya ja mota.

Sai da muka yi nisa Zaidu, shugabanmu, ya dubi fuskoki ya ce, "Ina Baba?" Lokacin babu hanyar komawa. Ƙoƙon na kan cinyata, zanena ya jiƙe sharkaf.

Laraba, 7 ga Mayu, da azahar

Bai ci tuwo ba. Fura kurɓi biyu.

Alhamis, 8 ga Mayu, bayan magariba

Na ɗauki ƙoƙon na tafi gidan. Na ce wa Inna Tambara tunda ba a tada shi can ba, bari in tada shi nan. Ba ta hana ba, ta ma shimfiɗa tabarma. Muka kwantar da shi, jikinsa ya bi hannunmu ba musu, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan, domin Baba ko hula ba a gyara masa sai ya yi faɗa. Na rufe shi da ƙyallen, na yaye daga ƙafa, na kira Ɗandije sau uku, na ce wasa ya ƙare.

Idonsa a buɗe yana kallon ganyen dogonyaro. Na kai ƙoƙon bakinsa, ruwan ya bi ta gefen gemunsa ya sauka a tabarma.

Inna ta ce a hankali, "Ai ba nan yah hwaɗi ba, Balkisa. Ke kin hi ni sanin dokarku."

Na sani. Na dawo gida na wanke ƙoƙon har sau uku ban san dalili ba.

Asabar, 10 ga Mayu, da hantsi

Likita ya auna shi tun daga ido har tafin ƙafa, ya ce jiki lafiya, firgita ce, a ba shi lokaci. Malamin unguwa ya aiko da rubutu. Ƙanen Inna kuwa ya ɗauko zima daga ƙauyensu wajen Tabla, irin waɗanda ke magana da iskoki. Tsohon ya zauna gaban Baba ya daɗe yana shinshina iska, sannan ya tattara jakarsa ya ce, "Babu kowa bisa kainai. Amma shi ma ba ya nan." Ko goro bai karɓa ba.

Zaidu ya samu sojan da ya tsinto Baba. Wai da safiyar Lahadi suka shiga filin, suka tarar da shi kwance a tsakiyar dandali, ƙyalle har kai, yadda muka bar shi. Tun la'asar ɗin Asabar bai motsa ba. Maharan, masu moton nan, sun bi ta filin, akwai sawun tayarsu kusa da kansa, sun ga abu a rufe da fari suka wuce. Sojojin ma sun ɗauke shi ne za su jera shi da sauran, sai ɗaya ya ji ɗumi a hannunsa.

Da sauran. Zaidu bai faɗi ko su nawa ba ne, ni ma ban tambaya ba.

Zaidu yana cewa dokar ce ta cece shi, da ya tashi ya ruga da ba mu san inda zancen zai tsaya ba. Na ce haka ne. Amma ni abin da ke yawo a kaina shi ne, mutum yana kwance a ƙarƙashin ƙyalle yana jin komai, yana jiran a zo a kira sunansa.

Lahadi, 11 ga Mayu, da yamma

Na ratsa kasuwa har tasha neman motar da za ta kai mu Gawo Bakwai, ni da Baba, ko na awa ɗaya ne. Direbobi suka dube ni kamar na taɓu. An rufe hanya daga bayan gari, ko kamiyon gero ba ya wucewa, mutanen garin ma sun kwashe sun yi Abala. Wani ɗan kamasho ya ce, "Madam, in kin gaji da rai, ki tahi da ƙahwa."

Na hango Dodo yana wanke mota. Ya ɗago mini hannu. Na yi kamar ina duba tumatir.

Talata, 13 ga Mayu, ƙarfe ɗaya da rabi

Rediyo ya faɗi sakamakon gasa. Malafa ta bana ta Baba Ɗandije ce.

Na ajiye cokali na yi dariya ni kaɗai har hawaye suka zo, daga nan dariyar ta ƙi tsayawa a dariya. Malafar nan, mai jan kirgi a baki, wadda ake ɗora wa gwanin shekara a gaban jama'a, Baba ya fi shekara talatin yana harinta. Ya yi sarki, ya yi ɓarawon akuya, ya yi tsohuwa mai cinikin daddawa har mata suka riƙa faɗuwa daga benci, kullum alƙalai su ce ai ban dariya ne kawai. Duk shekara sai ya dawo ya ce alƙalan nan ko wasan ƴar tsana ba su sani ba. Yau da ya kwanta ya yi shiru, sun ga gwaninta.

An sa bikin ranar Asabar 24 ga wata, a gidan matasa na nan Filinge, ƙarfe huɗu saboda dokar hana fita.

Na je na gaya masa. Na ce, "Baba, ka ci Malafa." Ƙuda ya sauka a leɓensa bai kore shi ba, ni na kore.

Laraba, 14 ga Mayu, da safe

Na yi kiran suna a aji, na kai tsakiya muryata ta ƙi. Na ce su buɗe littafi.

Alhamis, 15 ga Mayu, bayan la'asar

Abin da na gani yau ban so na gani ba.

Inna Tambara shekara arba'in da ɗaya tana gidan nan, ba wanda ya taɓa jin sunan mijinta a bakinta. Sai dai ta ce "shi", ko "mai gidan ga", in ta ji haushi ta ce "tsohon ku". Ko ƙanwarsa mai suna Dije ba ta kira kai tsaye. Yau ina zaune ina tsince mata zogale, ta kawo masa kunu, ya ƙi buɗe baki. Ta ajiye kwanon. Ta dube ni, ta dubi ƙofa, ta gyara ɗaurin kallabinta kamar mai shirin shiga wurin surukai. Sannan ta durƙusa a gabansa ta ce, "Ɗandije."

Sunan ya fito mata a karkace, kamar na baƙo. Ta sake faɗa da ƙarfi. Na sunkuyar da kai, kunya ta kama ni kamar na ga tsohuwa ba zane.

Bai juyo ba.

Ta daɗe a durƙushe. Da ta tashi ta ce mini, "Balkisa, ke kin yi karatu, hwaɗa mini. Takaba za ni shiga ko mi? Ga mutum zaune, ga ni ba miji. Wane malami za ni tambaya wagga magana?"

Ina son tsohuwar nan, kuma na kasa kallon idonta tun ranar Litinin waccan.

Juma'a, 16 ga Mayu, da azahar

Ya rame. Zoben azurfarsa ya fara zamewa, Inna ta ɗaure shi da zare.

Asabar, 17 ga Mayu, da asuba bayan salla

Na koma na karanta abin da na rubuta ranar Talatar farko. "Aka amsa masa." Ji malamar lakkwal, ta iya ɓoye mai aiki a cikin jimla.

Ni na amsa.

Motar Dodo tana bayan zanan da muka kafa a matsayin bangon dandali, taku goma bai kai ba. Ina zaune bakin ƙofa, ta tsagar zanan ina hango farin ƙyallen. Na gan shi sarai. Dodo ya ce, "Kun cika?" Na san in na ce saura Baba, Dodo zai tsaya, domin Dodo ba ya barin mutum. Sai an sauka, a yaye, a kira, a kamo tsoho a kawo shi, ga ƙarar tana matsowa. Na ce, "Mun cika, ja mu tahi." Da ƙarfi na faɗa, har sau biyu.

A cikin ihun nan ba wanda ya riƙe muryar wa ce. Zaidu yana cewa laifinsa ne da bai duba ba. Habsa tana cewa nata ne, ita ta rufe shi. Ina zaune ina jin su suna rabon abin da ba nasu ba, ina gyaɗa kai.

Ina da ɗiya biyu, na gaya wa kaina haka. Gaskiya ne ina da su. Amma a lokacin ban tuna da su ba, kaina kawai na tuna.

Lahadi, 18 ga Mayu, da yamma

Mun taru a gidan Baba, ƴan ƙungiya duka, kan maganar biki. Al'ada ce wanda ya ci Malafa ya sake buga wurin da ya ci da shi kafin a ɗora masa. Zaidu ya ce zai roƙi masu shiri su yafe, a ɗora masa a zaune kawai. Habsa ta ce ina ma amfanin, mutumin da bai san ana yi ba. Tana maganar tana kuka, sai ta juya wajen Baba, ban san me ya kai bakinta ba, ta ce, "Baba, ruwa ya zo?"

"Ya zo, ɗiyata. Ku sha, ni na ƙoshi."

Muryarsa ce, cikakkiya, irin wadda ke kai wa bencin ƙarshe ba mikoro ba lasifika. Akuyar gidan ta zabura. Ya faɗa, ya rufe baki, ya koma kallon katanga. Kwana goma sha uku ke nan ba a ji ko tarinsa ba.

Ba wanda ya yi motsi. Zaidu ya matsa ya jefa masa wata jimla daga farkon wasan, ya amsa daidai, har da ɗaga hannun da yake yi. Aka kira Ɗandije, shiru.

Ni ce na faɗi abin da kowa ke tunani. Na ce in ya sake faɗuwa a dandalin Filinge, to nan ya faɗi, nan kuma za a iya tada shi.

Inna Tambara ta miƙe da muciya a hannu. "Kun kashe shi sau guda bai ishe ku ba? Ku tashi ku ba ni wuri. Teyatur, teyatur, shekara arba'in ina wanke rigunan teyatur, ga abin da yab bar mini."

Muka fita sumui-sumui kamar ƴan aji.

Litinin, 19 ga Mayu, da azahar

In aka sake rufe shi bai tashi ba fa? A gaban gari duka. Ni na kawo shawarar.

Talata, 20 ga Mayu, bayan la'asar

Inna ta aiko a kira ni. Na same ta tana daka, ba ta tsaya ba sai da ta gama. Yau ko furar bai karɓa ba, ta ce, ruwa kawai take ɗiga masa da ludayi.

"Na yarda," ta ce. "In an bar shi hakanan ma tahiya za shi yi, ina gani. Amma ke za ki tada shi, ba wani ba. Shi da bakinai ya sha hwaɗa mini, in Madam Alli na tsaye da ƙoƙo, ko cikin kabari anka sa shi bai damu ba, ya san za ta zo."

Na ce to, Inna.

Ta ce, "Mi ad da ke? Kin yi hwari."

Na ce zafi ne. Zafin ma akwai shi, ƙasa har ƙuna take ta cikin takalmi.

Alhamis, 22 ga Mayu, da yamma

Gwaji a gidan matasa. Dodo ya kawo Baba a mota, ya ɗauko shi kamar buhun da ba a cika ba. Da aka fara wasa sai ga Na'Allah tsaye da ƙafarsa, yana auna igiya, yana yi wa masu jan ƙasa tsawa. Muka tsaya kafin wurin mutuwar, Zaidu ya ce wannan sau ɗaya za a yi shi. Ana tsayawa Baba ya zauna inda yake, ya koma abin da yake.

Hadari ya haɗu ta gabas ya watse. Mutane sun fara gyaran gona, gonar Baba ko kara ba a ɗauke ba.

Juma'a, 23 ga Mayu, da safe

Na cika ƙoƙon na zubar, na sake cikawa. Tsoro nake ji, ba wani abu ba.

Asabar, 24 ga Mayu, bayan magariba

Zan rubuta shi a jere, in na iya.

Gidan matasa ya cika har kan katanga. Sojoji a ƙofa suna laluben kowa. Manyan gari a kujerun gaba, alƙalan gasa uku, ɗaya daga Yamai da gilashinsa. Aka yi jawabai, aka yi shiru na minti ɗaya don mutanen Gawo Bakwai, aka ba ƙungiyar Tabla kyautar waƙa, aka ba wata yarinya ta sabon shiga. Malafar tana kan tebur a bisa farin faranti. Inna Tambara ba ta zauna ba, tana tsaye gefen dandali da mayafinta na zuwa biki.

Aka kira mu. Baba ya buga wurin yadda bai taɓa bugawa ba, ko kuwa ni ce ban taɓa kallo da irin wannan idon ba. Aka ciro shi daga rijiya. Habsa ta yi tambayarta, ya ba ta amsa. Ta ja ƙyallen har kansa. Mutane suka fara tafi, waɗanda suka san zancen suka hana su, filin ya yi tsit har ana jin injin wuta a bayan gini.

Na hau. Na yaye daga ƙafa zuwa ƙirji, na bar fuskar yadda ake yi. Na ce, "Ɗandije." Na ce, "Ɗandije." Na uku ya fito mini da kyar. Na ce, "Wasa ya ƙare."

Bai motsa ba.

Na jira. Wani jariri ya yi kuka aka toshe shi da nono. Na ga Inna ta dafa ƙarfen rumfa. Na durƙusa na kai kunnena kusa da ƙyallen in ji ko yana numfashi, sai ƙyallen ya motsa daidai bakinsa. Ba muryar Na'Allah ba ce. Ƙaramar murya ce, busasshiya, ta tsoho mai jin ƙishi.

"Dodo ya yi tambaya, Balkisa. Mi kic ce mishi?"

Ashe ya ji. Taku goma, kuma na faɗa da ƙarfi har sau biyu. Mako uku ina ta wanke ƙoƙo ina neman mota, ina cewa ƙasar da ya faɗi ce matsala, alhali mutumin yana kwance ya ji muryar da yake jira ta ce an cika ba shi.

Ba wanda ya ji sai ni. Ina iya miƙewa in ce a kira likita, ba mai zargina. Na yi tunanin haka, ba zan ɓoye ba, na yi shi sosai.

Na ajiye ƙoƙon. Na je na zare mikoro daga sandarsa, ya yi ƙara, mutane suka toshe kunne. Na ce, "Dodo, kana nan?"

Daga can baya ya ce, "Ina nan, Madam."

"Tambayar da kay yi cikin mota ran Asabar, a Gawo Bakwai. Sake ta."

Ina ganin sanda ya gane, domin ya cire hularsa. Ya ce, "Kun cika?"

Na ce, "Ba mu cika ba. Saura Baba Ɗandije, ga shi can kwance. Ina ganinai. Ran nan ma na gane shi da idona, nic ce maka mun cika. Ni ce, ba Zaidu ba, ba Habsa ba."

Baƙon Yamai ya fara tafi shi kaɗai, ya ɗauka sabon ƙarshe muka yi wa wasan. Ya ga ba mai taya shi ya bari. Ban dubi Inna ba. Ban dubi kowa ba, ƙasa na duba, sai na ga hannu ya fito daga ƙarƙashin ƙyallen, zobe ɗaure da zare, yana laluben ƙoƙon.

Habsa ce ta yaye masa fuska. Ya tashi zaune ya shanye ruwan tas, ya miƙa ƙoƙon ya ce, "Ƙaro." Nan filin ya fashe, guɗa da kabbara da kuka duk a haɗe. Aka ɗora masa Malafa tana yi masa yawa saboda rama. Ya taɓa bakinta, ya dubi alƙalai ya ce, "Sai yanzu?" Mutane suka yi dariya har da masu hawaye.

Na ɗauki ƙoƙon inda aka ajiye shi, na sauka ta bayan dandali na taho gida da ƙafa. Ba wanda ya tare ni, ba kuma wanda ya kira ni.

Lahadi, 25 ga Mayu

Ban fita ba.

Talata, 27 ga Mayu, da yamma

An yi ruwan farko jiya, yau gari duk ya tafi shuka. A lakkwal abokan aiki suna gaishe ni da ladabin da ya wuce kima. Zaidu ya zo da azahar, ya tsaya a ƙofa bai shigo ba, ya ce Baba ya ce a ba Habsa ƙoƙon, ita ce mai tadawa yanzu. Na ɗauko na ba shi. Ya ce Baba ya cinye tuwo malmala biyu, har ya yi wa Inna faɗa kan gishiri, ita kuma ta koma ce masa "tsohon ku". Na ji daɗi, wallahi na ji daɗi har cikin raina.

Da la'asar na bi ta ƙofar gidansu, wai zan sayi sabulu. Yana zaune a dakali da Malafar a kansa, yana gyara ƙotar kalme. Mai wucewa duk sai ya kira shi don ya ji da kunnensa. "Baba Ɗandije!" Ya ce na'am, ya haɗa da tsokana. Mai ruwa ya kira, ya amsa. Matar liman ta kira, ya amsa. Na je kanti na dawo ta nan, ya ɗago ya gan ni, bai kau da kai ba. Hannunsa ya tsaya a kan ƙotar.

Kowa ya kira shi yana amsawa. Ni ban gwada ba tukuna.